Karena ya shafe wata huɗu yana susa, me ke damunsa?

Tambaya daga wani manomi a karkarar Gadarif, a gabashin Sudan:

"Assalamu alaikum Likita. Ina da kare namiji, irin namu na gida, shekararsa uku, shi ke gadin gonar riɗi da garken awakina. Tun ƙarshen damina ya fara susa, yau wata huɗu ke nan bai daina ba. Gashin gefen kunnuwansa ya zube, haka gwiwoyin ƙafafunsa da cikinsa, fatar ta yi kauri ta yi ɓawo. Da dare ba ya barci, mu ma ba ya barinmu mu runtsa. Na wanke shi da Omo, na shafa masa baƙin mai, wani mai sayar da maganin dabbobi a kasuwa kuma ya yi masa allura. Ƙaiƙayin ya lafa kamar kwana biyar, sai ya dawo fiye da da. Yanzu har wari yake yi, ya rame. Ƙaramar karyar da ke tare da shi ita ma ta fara, yarana biyu kuma ƙuraje sun fito musu a hannu. Maƙwabta na cewa in kai shi daji in yar. Me ke damunsa, kuma yana da magani?"

Wa alaikumus salam, Malam. Sannu da ɗawainiya, Allah ya ba yaran lafiya. Bari in fara da abin da ya fi damunka: yana da magani, kuma ba mai tsada ba ne, don haka kada ka yar da shi. Kai shi daji ba zai raba gidanka da cutar ba tunda karyar ta riga ta kamu, sai dai ka ƙara wa karnukan ƙauyen gaba da dilolin daji rabonsu. Dabbar da ta yi maka gadi shekara uku kuwa tana da hakki a kanka, kuma ka san hadisin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa.

In na fahimce ka, ga abin da ke gabanmu: ƙaiƙayi mai tsanani da ba ya ɗagawa, ya fi ƙarfi a kunne da gwiwa da ciki, ya tsallaka zuwa wata dabbar, ya taɓa mutane, allura ta kwantar da shi na 'yan kwanaki ya sake tashi. Ban ga karen ba, ban sa hannu a fatarsa ba, kuma likitan da ya yanke hukunci daga nesa yana iya kuskure. Amma da za ka kawo mini goma masu wannan labarin, mafi yawansu ƙazuwar kare ce, wadda Larabawan nan ke kira jarab, tare da ƙwayoyin cuta da suka shiga fatar daga baya. Zan gaya maka dalilina, sannan in lissafa sauran abubuwan da ke kawo susa, domin sau da yawa kare ɗaya yakan tara biyu ko uku a jikinsa.

Inda yake sosawa shi ke faɗin sunan cutar

Ƙaiƙayi alama ce, kamar zazzaɓi a jikin mutum. Tun muna ɗalibai a makarantar likitan dabbobi ta Shambat, a Khartoum, aka koya mana cewa kafin ka tambayi me za a ba kare mai susa, ka tambayi ina yake sosawa. Ƙuma ta fi son ƙugu da gindin wutsiya. Kaska tana cikin kunne da tsakanin yatsu. Kare mai hassasiyya, wato wanda jikinsa ba ya jituwa da ƙura ko wani abinci, yakan yi ta lasar tafin ƙafa, yana goga fuska da hammata. Ƙazuwa kuwa wuraren da gashi bai yi yawa ba take fara kamawa: gefen kunne, gwiwar ƙafar gaba, dunduniyar ƙafar baya, ƙirji da ciki. Ka duba tambayarka, kusan taswirar ka zana mini.

Mai kawo ta wata 'yar mitsitsiyar halitta ce, dangin kaska, sunanta Sarcoptes, ba ta kai rabin milimita ba, ido ba ya ganinta. Macen takan haƙa rami a saman fata ta bi ciki tana zuba ƙwai, kuma daga ƙwai zuwa babbar da za ta sake haihuwa kwana 17 zuwa 21 ne. Ka riƙe wannan lissafi, shi ne sirrin maganin. Abin mamaki, ba yawansu ne ke haukata karen ba. Jikinsa ne ke yin bore ga kashinsu da ƙwansu, shi ya sa 'yan kaɗan sun isa su hana shi barci. Kare yakan ɗauke ta daga wani kare, ko daga makwancin dila da yanyawa, kuma karen gona da ke yawo da dare a bakin daji bai rasa haɗuwa da ɗayansu.

Akwai gwajin da za ka yi yau da hannunka, ba ko sisi. Ka sa safar hannu ko leda, wani ya riƙe maka kansa. Ka kama gefen kunnen, daidai inda ya yi ɓawo, tsakanin babban yatsa da manuni, ka murza a hankali kamar mai murza ganyen taba, na ɗan lokaci. Kada ka kalli kunnen, ƙafar baya ta wannan ɓangaren za ka kalla. In ka ga ta ɗaga da kanta tana harbin iska kamar tana sosa wani abu da babu, to zargin ƙazuwa ya yi ƙarfi sosai. Yawancin karnuka masu ita suna yin haka. Ba hujja ce yankakkiya ba, don mai ciwon kunne ma yakan yi wani lokaci, amma in ka haɗa ta da sauran labarinka, ni ta ishe ni in fara magani.

A asibiti mukan kankare fatar da reza har ta ɗan yi jini, mu ɗiga mai, mu duba a madubin likita. Sai dai wannan halitta gwanar ɓuya ce, sau da yawa a kankare wuri biyar ba a ga ko ɗaya ba alhali tana nan. Wannan ya taɓa kayar da ni a farkon aikina. An kawo mini wata karyar farauta, na kankare, na duba, ban ga komai ba, sai na ce hassasiyya ce na ba ta maganin kwantar da ƙaiƙayi. Mai ita ya yi ta godiya. Bayan mako uku ya dawo da ita a amalanken jaki, rabin jikinta ba gashi, shi kansa yana sosa ciki ta cikin jallabiya. Tun ranar na daina jiran sai na ga ƙwaron da idona. In alamomi sun nuna ƙazuwa, ina yin maganinta, warkewar ita ce shaida.

Wannan ne ma ya sa nake zargin allurar da aka yi wa naka a kasuwa. Allurar da ke kashe ƙaiƙayi cikin yini guda, ya dawo bayan kwana biyar da ƙarfi, halin dexamethasone ke nan ko danginta. Ba ta kashe ƙwaro ko ɗaya. Garkuwar jiki take dannewa, karen ya ji daɗi, ƙwarin su samu sarari su hayayyafa. Ana magani kai na kaba. Tana da amfaninta a hannun likita, na 'yan kwanaki, tare da maganin da ke kashe ƙwaron, amma ita kaɗai cuta take ƙarawa. In ka koma wurin mutumin, ka ce ya nuna maka kwalbar.

Sauran waɗanda ake zargi

Ƙuma ce ta fi kowa kawo susa ga karnuka a duniya, don haka ko ka tabbatar da ƙazuwa, ka neme ta. Ka tsayar da karen a kan farin ƙyalle, ka tsefe gashin ƙugunsa da matsefi mai ƙananan haƙora. Baƙin gari zai zubo kamar barkonon da aka daka. Ka yayyafa masa ruwa. In ƙasa ce za ta tsaya yadda take, in kashin ƙuma ne zai narke ya yi ja-ja, don jinin karen ne da ta sha. Wani karen cizon ƙuma ɗaya ya isa ya sa shi ya cinye gindin wutsiyarsa, kana dubawa ba ka ga ko guda ba. Matsalarta ita ce waɗanda ke jikin kare 'yan tsiraru ne. Mace ɗaya tana iya zuba ƙwai 40 zuwa 50 a rana, su gangaro ƙasa, su ƙyanƙyashe a cikin ƙurar rumfa da tsohon buhun da yake kwanciya da ƙarƙashin angarib, wato gadon igiya. Ka wanke kare tsaf ka mayar da shi kan buhun nan, kafin mako ya zagayo ya sake cika. In kuma kana ganin wasu farare kamar ƙwayar shinkafa a duburarsa ko a kashinsa, yana jan gindi a ƙasa, tsutsar ciki ce da ake ɗauka ta hanyar haɗiye ƙuma.

Kaskar kare, wannan ja mai duhu, ba a daji take zama ba, a tsagar bangon ƙasa take, da ramukan katanga, kuma mace ɗaya dubban ƙwai take zubawa a can. Ba ta cika kawo irin susar da ka bayyana ba, sai dai in ta cika kunne. Haɗarinta a jini yake: zazzaɓi, dasashi ya yi fari, wani lokaci haɓo. Kwarkwata kuwa ana ganinta da ido, ƙwanta manne da gashi, ta fi kama 'yan kwikwiyo da karnukan da yunwa ta ci.

Ka leƙa cikin kunne. Baƙin datti busasshe mai kama da garin gahawar da ya kwanta a gindin jabana, butar dafa gahawa, yana nuna wani ƙwaron kunne ne daban. In kuma bakin kunnen ne kawai ke jini da ɓawo, sauran jiki lafiya, ƙudan cizo ne na wajen turken shanu.

Akwai kuma namu na gona waɗanda littattafan Turawa ba su damu da su ba. Ƙarangiya, wadda ake kira haskanit a nan, takan maƙale tsakanin yatsu ko ta shige kunne, kare ya yi ta lasar ƙafa ɗaya ko girgiza kai. Karen da ke kwana a masussuka lokacin girbin dawa, ƙaiƙayin dawar kansa yana sa shi susa kamar yadda yake sa mu, amma wannan wanka ɗaya da sauya makwanci sun raba shi da shi. Da damina kuma akwai ƙudan da ke zuba ƙwai a ƙasa mai danshi da fitsari, tsutsar ta huda fata ta zauna, sai ka ga maruru da ɗan rami a tsakiya yana motsi. Ka toshe ramin da man Vaseline, ka jira ta leƙo, ka matse ta fito ɗungurungum. Duk waɗannan ba su wata huɗu suna cin kunne da gwiwa, ba su kuma tsallakawa zuwa yara.

Warin da kake ji

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A fatar kowane kare akwai bakteriya da ƙwayar yis da ke zaune lafiya ba su cutar da shi. Farce ya yi wata huɗu yana yaga fatar, ga Omo ya kwashe man da ke kare ta, ga allurar da ta danne garkuwa, sai su shiga su yi gida. Bakteriya kan kawo ƙuraje masu mugunya da zagayayyen ɓawo, yis kuma ya sa fata ta yi maiƙo, ta yi baƙi da kauri kamar ta giwa, tana tsami. Su ma ƙaiƙayi suke yi. Nan ne mutane da yawa ke ruɗewa: sun kashe ƙazuwar, karen bai daina susa ba, sai su ce maganin jabu ne, alhali cuta ta biyu ce ba a taɓa ba.

Baƙin mai da 'yan'uwansa

Na san dalilin da ya sa ake shafa shi. Yana toshe wa wasu ƙwarin numfashi, fatar ta yi laushi kwana biyu, a ga kamar an samu sauƙi. Amma man da ya gama aiki a injin tarakta cike yake da dattin ƙarfe da guba, yana ƙona fatar da dama a yage take, karen kuma ya lashe ya haɗiye. Haka kananzir, haka man dizal. Gatran, baƙin man nan mai kama da kwalta da makiyaya ke shafa wa raƙuma, shi ma ka bar wa raƙuma, fatar kare ba ta raƙumi ba ce, kuma raƙumi ba ya lashe jikinsa yadda kare ke yi.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne maganin feshin gona. Kowane gidan manomi akwai ragowar galan na maganin ƙwarin auduga ko na riɗi, sai wani ya ce a ɗan zuba a ruwa a wanke kare. Na ga ƙarshen wannan ba sau ɗaya ba. Wani yaro ya taɓa shigo mini da karensa a kafaɗa, ko awa biyu ba a yi da wankan ba: yawu na dalala kamar igiya, naman jiki na rawa, ƙwayar ido ta tsuke kamar kan allura, zawo na bin ƙafafunsa. Muka yi ta kwara masa ruwa da sabulu, na yi masa allurar atropine mai karya irin wannan guba, Allah ya sa da sauran kwana. Yaron da ya yi wankan da hannu tsirara shi ma sai da ya kwana da ciwon kai da amai. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

Ruwan dafaffen ganyen darbejiya ba ya cutarwa in an bar shi ya huce, yana ɗan sanyaya fata ya kori ƙuda, amma ba ya kai wa ga abin da ke cikin rami a ƙarƙashin fata. Kada kuma ka ba shi maganin ciwon jiki na mutane irin diclofenac ko ibuprofen, suna huda cikin kare su lalata ƙoda.

Abin da za ka yi

Ka fara da raba shi da baƙin man. Ruwa mai ɗumi da sabulun wanka marar ƙarfi, sau biyu ko uku, da hantsi don ya bushe kafin sanyin dare. In gashin ya cukurkuɗe ka rage shi da almakashi.

Sai auna nauyi, kuma ka auna da gaske, kada ka ƙiyasta. Ka hau sikelin da ake auna buhun riɗi kana ɗauke da shi, ka sake hawa kai kaɗai, ka debe.

Maganin da ya fi samuwa a wajenmu shi ne ivermectin na allura, mai ƙarfin kashi 1 cikin 100, wanda ake yi wa tumaki da shanu. Ga ƙazuwar kare ana ba da miligiram 0.2 zuwa 0.4 a kowane kilo, a ƙarƙashin fata. A aikace, karen kilo 15 mililita 0.3 zuwa 0.6 ne rabonsa, wato wajen rabin ƙaramin sirinji mai mililita 1. Ka ga ƙanƙantarsa. Wanda ya saba yi wa sa allura hannunsa yakan zarce, shi ya sa nake so likitan dabbobi ko mataimakinsa ya yi, da ƙaramin sirinji, kuma ya tabbata zallan ivermectin ne, ba wanda aka gauraya da maganin tsutsar hanta ba. Ana maimaitawa bayan kwana 14, sannan bayan wasu 14, sau uku ke nan. Dalili shi ne lissafin da na ce ka riƙe: allura ba ta kashe ƙwai, sai an jira sun ƙyanƙyashe an same su kafin su haihu. Yawancin waɗanda ke ce mini ivermectin bai yi musu aiki ba, sau ɗaya suka yi, suka ga sauƙi, suka bari.

Ba a yi wa ɗan kwikwiyo ƙarami, ni nakan jira ya kai wata uku. Akwai kuma karnukan Turawa na kiwon tumaki, irin Collie da danginsa, da ke da wani gado a jini wanda ke sa maganin ya haye musu ƙwaƙwalwa. Namu na gida ba su cika samun wannan ba, amma masu karatu a Jidda ko Riyad da ke da karen waje su kiyaye. In an zarce awo za ka ga tangaɗi, dalalar yawu, ƙwayar ido ta buɗe, har makanta ta ɗan lokaci. Wannan na gaggawa ne.

In da hali, akwai abin da ya fi wannan sauƙi da aminci: ƙwayoyin taunawa irin Bravecto, wanda guda ɗaya ke aiki kusan wata uku, ko NexGard da Simparica na wata-wata. Suna kashe ƙazuwa da ƙuma da kaska gaba ɗaya, abin da ivermectin ba ya yi, don shi ba ya tsinana wa ƙuma komai. Tun da yaƙi ya ɓarke a 2023 samun irinsu a nan sai an sha wuya, amma mai ɗan'uwa a Saudiyya ko Masar yana iya aiko masa. Ka gaya masa nauyin karen, don da kilo ake sayar da su. Kare mai farfaɗiya ba a ba shi sai da shawarar likita.

Hanya ta uku wankan amitraz ne, maganin kaskar shanu. Mai ƙarfin kashi 12.5 cikin 100 ana zuba mililita 2 a lita ɗaya ta ruwa, a jiƙa jiki duka ban da ido da baki, a bar shi ya bushe ba ɗauraya, mako-mako ko bayan mako biyu. Yana aiki, amma ba shi nake fara zaɓa ba ga kare mai raunuka a buɗe kamar naka. Yana sa kasala da barci, ba a haɗa shi da ivermectin a lokaci guda, mutum mai ciwon sukari kada ya yi masa wankan, kuma guba ne ga jaki da doki da kyanwa. Kada ragowar ruwan ya je kusa da inda jakinka ke sha.

Ko wanne ka zaɓa, karyar ma a yi mata rana ɗaya da shi, da duk karen da ke kwana tare da su, ko bai fara susa ba. Tsofaffin buhuna da tsummokaran makwanci a ƙone. A share rumfar, a kwashe ƙurar, a bar rana ta dake wurin. Ƙwaron ƙazuwa ba ya daɗewa in ya bar jiki, zafi da bushewar ƙasarmu na kashe shi cikin 'yan kwanaki. Tsagogin bango kuma a yaɓe su saboda kaska.

Don warin, ka nemi sabulun ruwa mai chlorhexidine, kashi 2 zuwa 4 cikin 100, a kantin magani. Ka shafa ya yi kumfa, ka bar shi minti 10 cur kafin ka ɗauraye, sau biyu a mako. Minti goman nan su ne maganin, wanda ya shafa ya wanke nan take asarar kuɗi ya yi. In akwai mugunya mai zurfi ko kumburi, sai likita ya rubuta maganin bakteriya na sha irin cephalexin, kuma mako uku ake yi ko fiye, ba kwana uku ba.

Ka kuma gyara masa ci. Karen da ke rayuwa a kan ragowar asida da kisra kaɗai fatarsa ba ta da abin gina kanta. Ɗan kan kifi dafaffe, ƙwai, ragowar nama, cokali ɗaya na man riɗi a abinci. Amma huhu ko hantar da mahauci ya yar saboda tana da ƙulluttan ruwa, kada ka jefa masa ɗanya, ta nan wata tsutsa ke zagayowa ta kama mutane.

Kada ka karaya in susar ta ƙaru a kwanakin farko. Wajen mako biyu za ka ga ya fara barci, gashi kuma sai mako huɗu zuwa shida yake fara tsirowa.

Batun yaran

Ƙwaron kare yakan hau mutum ya cije shi, ƙananan jajayen ƙuraje su fito a hannu, ciki ko cinya, inda jiki ya taɓa karen. Ba ya iya zama ya yi zuriya a fatarmu, don haka in an yi wa karnukan magani aka hana yaran rungumarsu, ƙurajen kan baje da kansu cikin mako biyu zuwa uku. Amma ka duba tsakanin yatsunsu da wuyan hannu. In can ne, kuma waɗanda ba su taɓa karen ba su ma suna susa da dare, wannan ƙazuwar mutane ce, ba ruwan kare, kuma ta yawaita yanzu da gidaje suka cika da baƙin da yaƙi ya koro. Ita sai asibiti, a yi wa gida duka magani lokaci guda. In tabon zagayayye ne kamar kwabo, makero ne, shi ma ana ɗaukarsa daga kare da kyanwa. Ko wanne ne, ka kai su a duba, ni likitan dabbobi ne.

In mako shida ya wuce bai warke ba

To sai mu koma kan abin da na ajiye a gefe. Akwai wata ƙazuwar ta biyu, Demodex, da ke zama a gindin gashi. Ba ta yaɗuwa tsakanin manyan karnuka, ba ta kama mutum, ta fi fitowa a fuska da ƙafafun ƙananan karnuka ko waɗanda wata cuta ta raunana, kuma maganinta watanni yake ɗauka. Ita ana ganinta da sauƙi in an kankare fata.

Akwai hassasiyya, wadda takan fara tsakanin wata shida da shekara uku, ta tashi da wani yanayi ta kwanta da wani. Ba a warkar da ita, lallaɓa ta ake yi, da wanka da magunguna irin Apoquel. Ta abinci kuma hanya ɗaya ce ta gane ta: mako takwas ana ba kare abinci iri guda da bai saba ci ba, ba ko loma ta wani abu, sannan a mayar da tsohon a ga ko susar za ta dawo. Ga karen gona mai yawo yana tsintar abin da ya ga dama, gaskiya wannan da wuya. Ban kuma sa ta a gaba ba don hassasiyya ba ta tsallakawa daga kare zuwa kare.

Ramar da ka ambata ce ta sa zan ƙara wannan. Ƙasar Gadarif, musamman wajen kogin Atbara da Rahad, gidan kala-azar ce, cutar da ke sa mutum doguwar zazzaɓi da rama da kumburin saifa. Ɗan ƙudan da ke yaɗa ta yana zama a tsagogin baƙar laka da dazukan aduwa da dushe, kuma karnuka ma suna kamuwa. Kare mai ita yakan rame duk da yana ci, gashin kewayen ido ya zube, fata ta yi amosani fari, farce su yi zaƙo-zaƙo, kaluluwa ta kumbura, amma abin lura, ba ya cika susa. Naka susa ce ta yi masa yawa, kuma kare da ya yi wata huɗu ba barci dole ya rame. In fatar ta warke ramar ba ta tafi ba, a gwada jininsa.

Na ƙarshe ba ya jiran mako shida. Karen da ya tsare wuri guda yana cizo har ya ci naman kansa, halinsa ya sauya, muryarsa ta canja, yawu na zuba, musamman in wani kare ko dila ya taɓa cizonsa a wurin, kada a taɓa shi, a tsare shi a kira likita, don haukan kare na iya farawa haka. Duk wanda karen ya ciza ko ya yaƙusa ya wanke wurin da sabulu da ruwa minti 15, ya nufi asibiti ranar. In naka bai taɓa samun rigakafin hauka ba, a yi masa da zarar ya murmure.

Bayan allura ta biyu ka rubuto mini, Malam. Ka gaya mini abin da ƙafar ta yi da ka murza kunnen, launin da garin ya yi a kan farin ƙyalle, sunan da ke jikin kwalbar mutumin kasuwa, da ko kun fara samun barci.